Shirin horas da ɗaliban tuƙin jirgin sama

Shirin horas da ɗaliban tuƙin jirgin sama, wanda masu harkar jirage ke kira shirin kadet, tsari ne na ɗaukar matashin da bai taɓa tuƙa jirgi ba a koyar da shi tun daga tushe, har ya cancanci zama mataimakin matuƙi a jirgin fasinja. Wani lokaci kamfanin jirage ne ke zaɓen ɗaliban da kansa ya miƙa su ga makarantar da ya amince da ita, wani lokaci kuma gwamnati ce ko iyaye ke biya wa ɗalibi kuɗin makaranta, ya nemi aiki bayan ya gama. Horon yakan ɗauki wata 18 zuwa shekara biyu idan babu tsaiko. Ya ƙunshi karatun aji, da tuƙi a ƙananan jirage, da atisaye a na'urar kwaikwayon tuƙi.

A arewacin Najeriya, babbar cibiyar wannan horo ita ce Kwalejin Fasahar Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya da ke Zariya, wadda aka fi sani da NCAT. Lasisin da ɗalibi ke fita da shi daga makaranta bai isa ya zaunar da shi a kujerar jirgin fasinja ba. Akwai wani horo na musamman a kan nau'in jirgin da zai tuƙa, kuma batun wanda zai biya kuɗin wannan mataki shi ne ya fi bambanta shiri da shiri.

## Tarihi

Jiragen sama na farko da suka sauka a Kano sun iso ne a ranar 1 ga Nuwamba, 1925. Jirage uku ne na rundunar sojan saman Birtaniya da suka taso daga Masar. Shekaru da yawa bayan haka, Turawa ne suka riƙa tuƙa kusan dukkan jiragen da ke zirga-zirga a Afirka ta Yamma.

A Turai da Amurka, kamfanonin jirage sun daɗe suna dogara da matuƙan da suka bar soja, musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Da waɗannan suka fara ƙaranci, sai kamfanonin suka buɗe makarantun kansu. Lufthansa ta buɗe tata a birnin Bremen na Jamus a 1956, kamfanonin BOAC da BEA na Ingila kuma suka haɗa hannu suka buɗe kwaleji a Hamble a 1960. Daga nan tsarin kadet na zamani ya samo asali: a zaɓi matashi, a horar da shi bisa ƙa'idojin kamfani tun daga ranar farko, a ba shi aiki idan ya ci jarrabawa.

An kafa kamfanin Nigeria Airways a 1958. Bayan samun 'yancin kai, buƙatar maye gurbin baƙi da 'yan ƙasa ta sa aka kafa makarantar Zariya da doka a 1964, da tallafin Majalisar Ɗinkin Duniya da Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, wato ICAO. Tun farko an yi nufin makarantar ta amfani Najeriya da sauran ƙasashen Afirka. Yawancin waɗanda suka fito daga cikinta a shekarun farko Nigeria Airways suka yi wa aiki. Rushewar kamfanin a 2003 ta yanke wannan hanya ta kai tsaye daga aji zuwa aiki, nauyin ɗaukar sababbin matuƙa ya koma kan kamfanoni masu zaman kansu.

Arewa tana da nata kason a cikin waɗannan kamfanoni. Alhaji Muhammadu Ɗan Kabo ya kafa Kabo Air a Kano a 1980. Daga baya aka samu Max Air na Alhaji Ɗahiru Barau Mangal na Katsina, da Azman Air da Rano Air a Kano. Jigilar alhazai ta kowace shekara, wadda Kabo Air da Max Air suka yi da manyan jirage ƙirar Boeing 747, na cikin ayyukan da suka raya harkar a wannan yanki.

## Ire-iren shirin

Ana raba shirye-shiryen ne gwargwadon mai biyan kuɗi da irin alƙawarin da aka yi wa ɗalibi.

Na farko shi ne wanda kamfani ke ɗaukar nauyin komai. Irin wannan ba shi da yawa, masu nemansa kuma sun ninka guraben da ake da su nesa ba kusa ba. Misalinsa shi ne shirin Speedbird da British Airways ya ƙaddamar a 2023. Galibi kamfani yakan sa ɗalibi ya rattaba hannu cewa zai yi masa aiki na wasu shekaru. Idan ya bar aikin kafin wa'adi, sai ya biya ragowar kuɗin horon.

Na biyu shi ne wanda kamfani ke zaɓen ɗalibi, amma ɗalibin ne zai biya, ko dai daga aljihun iyaye ko da rancen banki. Abin da yake samu shi ne alƙawarin aiki mai sharaɗi: sai ya ci dukkan jarrabawa, sai kuma idan kamfanin na buƙatar matuƙa a lokacin da ya gama.

Na uku shi ne tallafin gwamnati. Sanannen misali a ƙasar Hausa shi ne ɗalibai 100 da gwamnatin Jihar Kano ta tura ƙasar Jodan koyon tuƙin jirgi a 2013, zamanin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso. A nan gwamnati ce ke biya, amma ba ita ke da jiragen da za a tuƙa ba, don haka samun aiki ya rataya ne a kan kamfanoni.

Na huɗu shi ne ɗalibi mai cin gashin kansa, wanda ya nemi gurbi a makaranta ba tare da wani kamfani a bayansa ba. Da yawa daga cikin masu shiga NCAT ko Kwalejin Tuƙin Jirage ta Ilori suna cikin wannan rukuni ko na uku.

Ta fuskar tsarin karatu kuma hanya biyu ce. Akwai karatun bai ɗaya, inda ɗalibi ke zama a makaranta guda daga farko har ƙarshe. Akwai kuma na daki-daki, inda yake karɓar lasisi ɗaya, ya tara kuɗi da awoyi, sannan ya dawo neman na gaba. Shirye-shiryen kadet kusan duk na bai ɗaya ne.

## Sharuɗɗan shiga da tantancewa

Don shiga kwas ɗin tuƙi a Zariya ana buƙatar kiredit biyar a jarrabawar kammala sakandare, ciki har da Turanci da lissafi da fizis. Ba sharaɗi ba ne a ce mutum yana da digiri, ko da yake wasu kamfanoni da wasu shirye-shiryen tallafi sukan fifita masu shi. Ta fuskar shekaru, ƙa'idar ICAO ta tanadi shekara 17 don lasisin tuƙi na kai, 18 don lasisin kasuwanci, 21 don lasisin kaftin na jirgin fasinja.

Tantancewa takan zo mataki-mataki. Ana farawa da rubutacciyar jarrabawa. Daga nan sai gwajin basira, wanda a wurare da yawa a kwamfuta ake yin sa: a ga yadda ido da hannu da ƙafa ke aiki tare, da yadda mutum ke riƙe lambobi a ka yana kuma bin wani abu a allo, da saurin lissafin baki. Wasu kamfanoni sukan haɗa masu nema rukuni-rukuni su ba su matsala su warware, don a gane mai sauraro da mai danne na kusa da shi. A ƙarshe sai ganawa da kwamiti.

### Gwajin lafiya

Mai son tuƙin kasuwanci dole ne ya sami shaidar lafiya mai daraja ta ɗaya daga likitan da Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya, wato NCAA, ta amince da shi. Ana duba ido da kunne da zuciya da hawan jini da fitsari da jini, a kuma bincika tarihin lafiyar ƙwaƙwalwa da ta'ammali da ƙwaya. Sanya tabarau ba ya hana mutum zama matuƙi, muddin da tabarau ɗin ganinsa ya kai mizani. Rashin bambance launuka, musamman ja da kore, babban cikas ne, saboda fitilun jirgi da na titin sauka da launi suke magana. Farfaɗiya tana hana samun shaidar. Game da sikila kuwa, ƙa'idar ICAO ta nuna cewa mai ɗauke da ƙwayar gadon kawai, wato mai rukunin AS, galibi yakan cancanta.

Shaidar tana aiki na wata 12, sannan a sabunta ta, kuma wa'adin yana raguwa zuwa wata 6 idan shekaru suka ja. Masu ba da shawara a harkar sukan ce a fara yin wannan gwaji kafin a biya ko sisi na kuɗin makaranta, domin wanda ya faɗi a nan duk abin da ya kashe ya tafi.

## Karatun aji

Watannin farko a aji ake yin su, kuma nan ne ɗalibai da yawa ke fara gane nauyin abin da suka ɗauko. Darussan sun haɗa da:

- dokokin sararin sama da ƙa'idojin zirga-zirga;
- yadda fiffike ke ɗaga jirgi da yadda iska ke aiki a kansa;
- injin da lantarki da man jirgi da na'urorin gaban matuƙi;
- nauyi da daidaiton kaya, da lissafin tsawon titin da jirgi ke buƙata;
- ilimin yanayi;
- sanin hanya da taswira da na'urorin rediyo;
- tsara tafiya da ƙididdigar mai;
- iyakar jikin ɗan Adam, kamar gajiya da ƙarancin iskar shaƙa a sama da ruɗin gani;
- maganar rediyo.

A tsarin Turai, wanda makarantu da dama a duniya ke koyi da shi, karatun lasisin kaftin ya kai awa 750 a aji, da jarrabawa 13, kowace sai an ci kashi 75 cikin 100.

Ɗalibi yakan sake koyon awo. Tsayi da ƙafa ake auna shi, nisa da mil na teku wanda ya yi daidai da mita 1,852, gudu kuma da mil na teku a awa guda. Agogon aiki shi ne na duniya, wanda ke bayan agogon Najeriya da Nijar da awa ɗaya. Haruffa ma suna da sunayensu a rediyo, Alfa, Bravo, Charlie har zuwa Zulu, don kada a ji wani a ɗauka wani ne. Lambar rajistar jiragen Najeriya tana farawa da 5N, ta Nijar da 5U.

Turanci shi ne harshen rediyo a zirga-zirgar ƙasa da ƙasa. ICAO ta raba ƙwarewa a cikinsa zuwa mataki 6, ta kuma wajabta wa matuƙa kaiwa aƙalla mataki na 4. Ba nahawu kaɗai ake aunawa ba. Ana duba ko mutum zai fahimci umarni cikin hayaniyar rediyo, ya kuma bayyana matsalar da ba ta cikin jimlolin da aka haddace.

## Tuƙi a sama

Ana fara tuƙi a ƙaramin jirgi mai injin ɗaya da farfela, ɗalibi a kujerar hagu, malami a dama, kowa da abin sarrafawa a gabansa. Darasin farko shi ne riƙe jirgi a miƙe ba hawa ba sauka, sai hawa, da gangarowa, da juyawa. Daga nan a koya masa abin da ke faruwa idan fiffike ya daina ɗaukar jirgi saboda hancin ya ɗagu fiye da kima, da yadda ake farfaɗo da shi. Sai zagayen fili: a tashi, a kewayo, a sauka, a sake tashi, sau da yawa a darasi guda. Sauka ita ce ta fi ba sabon ɗalibi wuya.

Idan malami ya gamsu, wata rana zai fita daga jirgin ya ce wa ɗalibi ya yi zagaye ɗaya shi kaɗai. Wannan yakan zo ne galibi bayan awa 10 zuwa 20 na koyo. Wanda ya daɗe bai kai wannan mataki ba akan sauya masa malami ko a ba shi ƙarin awoyi, idan abin ya faskara a sallame shi daga kwas.

Kowace tafiya ana rubuta ta a littafin awoyi, wanda matuƙi zai riƙe har ƙarshen aikinsa. Mafi ƙarancin abin da ICAO ta gindaya shi ne:

- Lasisin tuƙi na kai, PPL: awa 40, ciki har da awa 10 shi kaɗai, da tafiya ɗaya mai nisan kilomita 270 da sauka a filaye biyu daban. Mai wannan lasisi ba ya karɓar kuɗi don tuƙi.
- Lasisin kasuwanci, CPL: awa 200, ko 150 idan a makarantar da aka amince da kwas ɗinta ne, da tafiya ɗaya mai nisan kilomita 540, da tuƙin dare.
- Shaidar tuƙi da na'ura: awa 40 na tuƙi ba tare da duban waje ba, ana dogara da agogunan gaba kawai, kamar yadda ake yi cikin gajimare.
- Shaidar jirgi mai injin biyu: a nan ake koyon riƙe jirgi idan injin ɗaya ya mutu, ɗayan kuma yana fizgar hanci gefe.
- Lasisin kaftin na jirgin fasinja, ATPL: awa 1,500, ciki har da awa 100 na dare.

Tuƙi da na'ura shi ne sashen da ya fi sauya tunanin ɗalibi. Cikin gajimare, kunnen ciki yakan yaudari mutum ya ji kamar jirgi a miƙe yake alhali yana karkata. Ana koya masa ya ƙi yarda da abin da jikinsa ke faɗa masa, ya gaskata agogo.

A 2006 ICAO ta ƙirƙiro wani lasisi mai suna MPL, wanda aka tsara musamman don ɗaliban kamfanoni. Yana buƙatar awa 240, mafi yawansu a na'urar kwaikwayo, kuma tun da wuri ake koya wa ɗalibi aiki cikin mutum biyu. Rauninsa shi ne a ɗaure yake da kamfanin da ya ɗauki nauyin kwas ɗin. Idan kamfanin ya janye ana tsaka da karatu, ɗalibi yakan shiga tsaka mai wuya.

## Makarantar Zariya

NCAT tana unguwar Palladan a kan hanyar Sakkwato, kuma tana da filin jirginta. Ban da sashen tuƙi, tana horar da injiniyoyin gyaran jirage, da masu kula da zirga-zirgar sama, da injiniyoyin sadarwa, da ma'aikatan cikin jirgi. Kwas ɗin tuƙi na bai ɗaya yana ɗaukar kusan shekara biyu, ɗalibi ya fita da lasisin kasuwanci da shaidar tuƙi da na'ura da ta injin biyu. Ɗalibai suna sanya kayan sarki, ana kuma tsaurara lokaci da ladabi.

Makarantar ta daɗe tana koyarwa da jirage ƙirar Tampico da Trinidad na Faransa da Baron na Amurka. Waɗannan suna shan wani fetur na musamman da ake shigowa da shi daga waje, mai tsada da wuyar samu. Daga baya ta sayo jirage ƙirar Diamond DA40 da DA42 na ƙasar Ostiriya, masu amfani da man da manyan jirage ke sha, wanda ake samu a kowane babban filin jirgi.

Cikin fitattun ɗalibanta akwai Kaftin Chinyere Kalu, mace ta farko a Najeriya da ta zama matuƙiyar jirgin kasuwanci, wadda daga baya ta shugabanci makarantar daga 2011 zuwa 2014.

A Jamhuriyar Nijar akwai makarantar EAMAC a Yamai, amma ita ta fi ƙarfi a horar da masu kula da zirga-zirga da masana yanayi da injiniyoyi.

### Tasirin yanayi

Sabon ɗalibi da ido yake tuƙi, kuma ƙa'ida ta gama-gari ita ce ya iya hangen aƙalla kilomita 5. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, hazon da iskar arewa maso gabas ke kwasowa daga Sahara yakan rage gani ƙasa da haka, a yi kwanaki jiragen koyo na ajiye. Da bazara kuma zafi ne. Iska mai zafi ba ta da kauri, ga shi Zariya tana kan tudu fiye da mita 600 sama da teku, don haka jirgi yakan ci titi mai tsawo kafin ya ɗaga, hawansa ma ya yi nauyi. Shi ya sa ake son tashi da sassafe. Da damina, hadari yakan haɗu da rana tsaka ko da yamma, da iska mai ƙarfi a gabansa, kuma ƙaramin jirgi ba ya kusantarsa. Waɗannan dalilai, tare da lalacewar jirgi ko ƙarancin malamai, su ne ke sa kwas ya wuce wa'adin da aka rubuta a takarda.

## Daga makaranta zuwa kamfani

Wanda ya gama makaranta yana da awa 200 ko kusa da haka a ƙananan jirage. Kafin ya taɓa jirgin fasinja akwai sauran matakai.

Na farko shi ne koyon aikin mutum biyu. A jirgin fasinja, ɗaya yana tuƙi, ɗaya yana sa ido da rediyo da karanta jerin abubuwan dubawa, kuma suna musanya wannan aiki daga tafiya zuwa tafiya. An ƙarfafa wannan darasi ne bayan haɗarin tsibirin Tenerife na ranar 27 ga Maris, 1977, inda jirage biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo a kan titi cikin hazo, mutum 583 suka rasu. Bincike ya nuna cewa babban kaftin ya fara gudun tashi ba tare da izini ba, na ƙasa da shi kuma ba su iya tsayar da shi ba. Tun daga lokacin ake koya wa mataimaki cewa wajibi ne ya yi magana idan ya ga kuskure, ko da kaftin ya girme shi nesa. Ga matashin da ya tashi cikin tarbiyyar kunya da kawaici a gaban manya, wannan darasi yana buƙatar atisaye na gaske.

Na biyu shi ne shaidar nau'in jirgi. Kowane babban jirgi, kamar Boeing 737 ko Embraer 145, yana da kwas nasa na makonni, na aji da na na'urar kwaikwayo mai motsi. A ciki ake gwada gobarar injin, da mutuwar lantarki, da fasa tashi ana tsaka da gudu, abubuwan da ba za a gwada a jirgin gaske ba. Kuɗin kwas ɗin dubban daloli ne, kuma shekaru da yawa matuƙan Najeriya ƙasashen waje suke zuwa yin sa. Don rage wannan ne aka sayo wa NCAT na'urar kwaikwayon Boeing 737.

Na uku shi ne tashi da sauka a jirgin gaske babu fasinja, sannan tuƙi da fasinja ƙarƙashin kaftin mai horarwa har a tabbatar da shi. Jarrabawa ba ta ƙarewa da samun aiki. Matuƙin kamfani yana komawa na'urar kwaikwayo kusan kowane wata shida, yana kuma sabunta shaidar lafiya. Zama kaftin sai an cika awa 1,500 da ƙarin sharuɗɗan kamfani, kuma a zirga-zirgar ƙasa da ƙasa ana ajiye tuƙin fasinja a shekara 65.

Amurka ta bambanta da sauran duniya a nan. Bayan haɗarin jirgin Colgan Air a 2009, ta wajabta wa mataimakin matuƙi ma ya tara awa 1,500 kafin ya shiga kamfanin fasinja, in ban da wasu rukunoni da aka sassauta wa. Shi ya sa matasan can sukan yi shekaru suna koyarwa a ƙananan jirage don tara awoyi.

## Kuɗi da haɗarin da ke ciki

Horon tuƙi na cikin karatu mafi tsada, saboda kowace awa a sama tana cin mai da gyara da inshora da albashin malami. A Zariya kuɗin kwas miliyoyin naira ne, a waje kuma da dala ko yuro ake biya, don haka faɗuwar darajar naira takan ninka nauyin a kan iyaye da gwamnatoci ana tsaka da karatu.

Babbar matsalar da aka daɗe ana kuka da ita a Najeriya ita ce ta matuƙa masu lasisi marasa aiki. Kamfani yana son mai shaidar nau'in jirgi da awoyi masu yawa, sabon matuƙi kuma ba zai sami awoyin ba sai an ɗauke shi. Da yawa daga cikin ɗaliban Kano da suka dawo daga Jodan sun fuskanci wannan giɓi. Zaman jira ma yana da tsada, domin shaidar lafiya da ta tuƙi da na'ura suna ƙarewa, sai an biya an sabunta.

Harkar jirage kuma tana hawa da sauka. A 2020, lokacin annobar korona, kamfanoni a duniya sun ajiye jirage, sun sallami matuƙa, wasu suka dakatar da shirye-shiryen kadet da ɗalibai a ciki.

Abubuwan da ake dubawa kafin sa hannu a kowace yarjejeniya sun haɗa da: ko NCAA ko hukumar ƙasar da makarantar take ta amince da ita, ko kuɗin ya haɗa da masauki da jarrabawa da ƙarin awoyi, wa zai biya kuɗin shaidar nau'in jirgi, me zai faru da kuɗin idan ɗalibi ya faɗi ko ya rasa shaidar lafiya, shekara nawa zai yi wa kamfani aiki. Wanda ya yi karatu a waje sai ya mayar da lasisinsa na Najeriya ta hannun NCAA kafin ya tuƙa jirgi mai rajistar ƙasar. Akan kuma sami 'yan damfara masu tallan guraben ƙarya a intanet, suna neman kuɗin fom da sunan kamfanoni.

## Masu nema daga arewacin Zamfara

Ga matashin da ke Dauran a ƙaramar hukumar Zurmi, ko Shinkafi ko Kauran Namoda, Zariya ce makarantar tuƙi mafi kusa, ta hanyar Gusau da Tsafe da Funtuwa. Shekaru da yawa filayen jiragen fasinja mafi kusa da yankin su ne na Sultan Abubakar III a Sakkwato da na Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina. A 2024 gwamnatin Dauda Lawal ta ƙaddamar da aikin gina filin jirgin sama a Gusau.

Shingen farko a wannan yanki tun a sakandare yake: samun kiredit a fizis da lissafi da Turanci, a wurin da matsalar tsaro ta sha katse karatu, har aka rufe makarantun jihar a 2021. Wasu sukan fara da difloma ko digiri a fannin kimiyya ko injiniya, a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kauran Namoda ko Jami'ar Tarayya ta Gusau. Wannan yana ƙarfafa takardunsu wajen neman tallafi, yana kuma ba su sana'ar dogaro idan gwajin lafiya ko kuɗi ya hana tuƙi. Sauran kwasa-kwasan Zariya, kamar gyaran jirage da kula da zirga-zirgar sama, sun fi tuƙi sauƙin kuɗi, kuma su ma hanyoyi ne na shiga harkar.

## Duba kuma

- Kwalejin Fasahar Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya, Zariya
- Filin jirgin sama na Malam Aminu Kano
- Nigeria Airways
- Jigilar alhazai a Najeriya